Tsami, Kanwa da Jini: Shin "Ruwan Alkalin" Yana Wanke Asid Daga Jiki?

  Yau kemistiri za mu taɓa, amma kada kowa ya gudu, don kusan duk kayan aikin da za mu ambata suna nan a madafin gidanku: lemon tsami, kanwa, toka da zoɓo.

Bari in fara da abin da ya sa na ɗauko wannan batu. Kwanakin baya na je gaishe da goggona, wadda ta daɗe tana fama da ciwon suga har ana yi mata allurar insulin. Ina shiga ɗaki sai na ga katan uku na ruwan roba a jingine da bango. Na ce, "Goggo, biki za a yi ne?" Ta ce, "A'a ɗan nan, magani ne." Wai wani mai talla ne ya zo unguwarsu, ya zuba ruwan da suke sha a kofi, ya ɗiga wani abu, ruwan ya koma ɗorawa. Ya zuba nasa a wani kofin, ya ɗiga, ya koma shuɗi. Sai ya ce musu, kun gani ko, asid kuke sha, jininku ya cika da asid, shi ne tushen suga da hawan jini da ciwon gwiwa, wannan ruwan alkalin kuwa shi zai wanke shi. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne Goggo ta fara tsallake allurarta, tana ganin ta samu abin da ya fi ta.

To, mutumin nan bai yi siddabaru ba, launin ya canja da gaske. Maganar da ya ɗora a kai ce ba gaskiya ba. Kafin mu gane inda ya karkace sai mun san abu huɗu: mene ne asid, mene ne kishiyarsa, yaya ake auna su, sannan mene ne bafa.

Asid dai harshenka ya san shi tun kana yaro. Tsamin lemon tsami asid ne, ana kiransa sitirik. Tsamin tsamiya asid ne, tatarik. Tsamin nono da kindirmo asid ne, laktik, wanda ƙwayoyin halitta suke samarwa idan suka cinye sugan da ke cikin madara. Ruwan khal shi ma asid ne, haka ruwan batirin mota, sai dai shi wannan ba na ɗanɗanawa ba ne.

Kishiyarsa kuma shi ne bes, wanda idan yana narkewa a ruwa ake ce masa alkali. Kada ku ɗauka alƙalin kotu ake nufi. Kalmar daga Larabci ta fito, al-ƙali, wato tokar wasu tsirrai da ake ƙonawa a yi sabulu da ita. Mu ma mun san wannan sana'a. Ruwan toka bes ne, kanwa bes ce, sabulu bes ne, sodar da mata ke haɗa sabulu da ita kuwa bes ce mai tsananin ƙarfi. Alamarsa ita ce santsi a hannu da ɗaci-ɗaci a baki. Marina na Ƙofar Mata a Kano da toka suke haɗa baba a cikin karofi, saboda rinin ba ya narkewa ya kama zane sai a ruwa mai alkali.

Amma a can ciki, mene ne bambancinsu? Akwai wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya da ake kira ayon na haidirojin, ana rubuta ta H da alamar tarawa. A shekarar 1884 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya kawo bayanin cewa wasu sinadarai suna rabuwa zuwa ayon idan suka shiga ruwa, daga nan aka fahimci cewa asid shi ne mai sakin ayon na haidirojin. A 1923 kuma wasu mutum biyu, Johannes Bronsted a Denmak da Thomas Lowry a Ingila, kowa a nasa ɓangaren, suka sauƙaƙa maganar: asid mai bayar da wannan ƙwaya ne, bes mai karɓarta ne. Shi ke nan. Mai bayarwa da mai karɓa.

Shi ya sa idan suka haɗu suke kashe ƙarfin juna, a samu gishiri da ruwa, tare da zafi. Ka matsa lemon tsami a kan jiƙaƙƙiyar kanwa ka ga yadda za ta yi kumfa. Kumfar nan iskar kabon dayoksaid ce take fita. Ita ce gyatsar da mutum yake yi idan ya sha ruwan kanwa saboda ƙwannafi.

Akwai kuma asid mai ƙarfi da mai rauni. Mai ƙarfi, irin na batir ko wanda cikinmu ke samarwa, da ya shiga ruwa yake sakin kusan duk haidirojin ɗinsa. Mai rauni, irin na khal, ɗan kaɗan yake saki, ya riƙe sauran. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu maganar awo. Harshe ba ma'auni ba ne, kuma ba komai ake lasa ba. A shekarar 1909 wani masani ɗan Denmak mai suna Soren Sorensen, wanda ke aiki a ɗakin bincike na Carlsberg a birnin Kofanhagan, ya fito da ma'aunin da ake kira pH. A al'ada ana jera shi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, nan ne matsayin tsantsar ruwa a zafin digiri 25. Ƙasa da 7 ɓangaren asid ne, sama da 7 ɓangaren bes. Abin da ke rikita ɗalibai shi ne, ƙanƙantar lamba ita ce yawan asid. Wato pH 2 ya fi pH 5 tsami nesa ba kusa ba.

Nesa kamar yaya? Kowane taki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne. pH 4 ya ninka pH 5 sau goma wajen yawan ayon na haidirojin. pH 3 ya ninka shi sau ɗari. Ruwan lemon tsami yana wajen 2, ruwa zalla yana 7, taki biyar ke nan, wato ninki dubu ɗari. Don haka idan an ce pH ya motsa da rabin lamba kawai, kada ka raina, ya haura ninki uku.

Ga wasu lambobi da ya kamata ku sani. Ruwan cikin ɗan'adam, tsakanin 1.5 da 3.5. Lemon kwalba mai gas irin baƙin nan, wajen 2.5. Ruwan sama mai tsabta, wajen 5.6, saboda yana narkar da kabon dayoksaid daga iska tun kafin ya sauko. Madara sabuwar tatsa, wajen 6.6. Ruwan teku, wajen 8.1. Sabulun wanki, 9 zuwa 10. Sodar haɗa sabulu idan an jiƙa ta da kauri, 13 zuwa 14. Kun ga ke nan ruwan sama da kakanninmu suka sha suka rayu, a ɓangaren asid yake.

Da me ake aunawa? Hanya ta farko ita ce launi. Akwai sinadaran da ke canja kala gwargwadon tsamin abin da suka shiga. Tun a ƙarni na 17 Robert Boyle na Ingila ya lura cewa ruwan wasu furanni yana yin ja a cikin asid, ya yi kore a cikin alkali. A makaranta ana amfani da takardar litmos: asid ya mayar da shuɗiya ja, bes ya mayar da ja shuɗiya. Akwai kuma wadda aka haɗa da launuka da yawa, ta ba ka ja, ɗorawa, kore, shuɗi har zuwa shanshanbale, ka gwada da jadawalin da ke jikin kwalin ka karanta lamba. Irin wannan ce mai tallan ya ɗiga wa su Goggo.

Kai ma kana da naka a gida. Ka jiƙa zoɓo ba suga, ka sirka shi da ruwa ya yi haske, ka raba kofi uku. Na farko ka matsa lemon tsami, zai ƙara ja. Na biyu ka bar shi. Na uku ka zuba ruwan kanwa, sai ka ga jan ya dushe ya yi duhu, ya karkata zuwa kore. Haka kuma idan miya mai kurkur ta zube a farar riga, ka goga sabulu, wurin sai ya yi ja. Duk kemistiri ɗaya ne.

Hanya ta biyu ita ce na'ura. A 1934 wani malamin kemistiri a Kalifoniya ta Amurka, Arnold Beckman, ya ƙera na'urar auna pH saboda wani abokinsa da ke aikin gwajin ruwan lemon tsami. Tana da ɗan tsinke mai kan gilashi da ake tsomawa a ruwa, ta auna ƙaramin bambancin lantarki da ayon ɗin ke haifarwa, ta mayar da shi lamba. Jikokin wannan na'ura ne yau ke asibitoci da ma'aikatun ruwa da wuraren gwajin ƙasar noma. Kuma kafin a yarda da lambarta sai an saita ta da wasu ruwaye na musamman masu pH 4 da 7 da 10, waɗanda lambarsu ba ta motsi da sauƙi. To me ya hana ta motsi? Nan muka iso kan bafa, wanda shi ne zuciyar shirinmu na yau.

Bafa ruwa ne da ke ɗauke da asid mai rauni tare da bes ɗin da ke abokin tafiyarsa. Idan aka zuba masa asid, bes ɗin ya karɓe ƙarin haidirojin. Idan aka zuba masa alkali, asid mai raunin nan da muka ce yana riƙe da saura, sai ya saki kaɗan ya cike gurbin. Lambar pH ta ɗan motsa kawai. Ni ina kwatanta shi da rumbu. Da kaka, hatsi ya yi yawa, rumbu ya haɗiye rarar. Da damina, hatsi ya yi ƙaranci, a buɗe rumbu a ɗiba. Tukunyar gidan kullum mudu ɗaya take dafawa. Amma rumbu yana da iyaka, yana cika kuma yana ƙarewa. Haka bafa.

Jinin ɗan'adam mai lafiya yana tsakanin pH 7.35 da 7.45. Ku dubi ƙunƙuntar wannan tazara. Ko ka sha kunun tsamiya da safe, ka ci miyar kuɓewa mai kanwa da dare, jininka yana nan a wannan ɗan tsakanin. Dalili kuwa, sinadaran da ke tafiyar da aikin zuciya da ƙwaƙwalwa da tsoka ba sa jure sauyi. Idan jini ya faɗi ƙasa da wajen 6.8 ko ya haura wajen 7.8, rai na cikin haɗari.

Masu gadi uku Allah Ya sanya wa wannan lamba. Na farko bafa da ke cikin jinin kansa, babbansu shi ne haɗin baikabonet da kabon dayoksaid, kuma yana aiki nan take. Na biyu huhu. Kabon dayoksaid idan ta narke a jini asid take zama, mu kuwa muna fitar da kusan kilo ɗaya nata kowace rana ta numfashi. Idan asid ya fara yawa, ƙwaƙwalwa ta ƙara saurin numfashi da zurfinsa, cikin mintuna a rage shi. Na uku ƙoda. Ita a hankali take aiki, awanni zuwa kwanaki, tana zubar da asid a fitsari tana mayar da baikabonet cikin jini. Shi ya sa pH na fitsari yake yawo daga wajen 4.5 har zuwa 8. Idan wani ya tsoma takarda a fitsarinka ya ce ga shaidar jininka ya yi asid, abin da ya nuna maka kawai shi ne ƙodarka tana aikinta.

To yanzu mu bi ruwan Goggo mu ga inda yake zuwa. Irin wannan ruwa yawanci pH ɗinsa 8 ne zuwa 9 da ɗoriya, kuma alkalin da ke cikinsa ɗan kaɗan ne. Da ta haɗiye shi, ina ya faɗa? Cikin tumbi, inda ake da asid mai ƙarfi, wanda ciki ke samar da fiye da lita ɗaya na ruwansa a rana. Nan take alkalin ya mutu. Idan abinci ya wuce zuwa ƙaramin hanji kuma, jiki da kansa yake zuba masa baikabonet ya kashe tsamin. Ɗan abin da ya tsira ya shiga jini, ga masu gadi uku suna jira. Ruwa ne dai, yana kashe ƙishirwa kamar kowane ruwa mai tsabta. Ba ya sauke suga, ba ya maye gurbin allura.

Akwai lokacin da jini ke yin asid da gaske, amma wannan ba abin da mutum ke yawo da shi a kasuwa yana ciniki ba ne. Yana faruwa idan ƙoda ta gaza, ko gudawa mai tsanani ta kwashe baikabonet, ko cuta ta yi wa jiki mummunan kamu. Ga kuma wanda ya fi shafar Goggo. Idan mai ciwon suga ya rasa insulin, jiki ya kasa amfani da suga, sai ya koma ƙona kitse, kitsen kuma ya haifar da wasu asid da ake kira kiton. Su taru har rumbun baikabonet ya kusa ƙarewa. Alamominsa: ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, amai, ciwon ciki, kasala, da wani numfashi mai zurfi kamar wanda ya yi gudu alhali yana kwance. Wani likita Bajamushe, Adolf Kussmaul, ya bayyana wannan numfashi tun 1874, har yau da sunansa ake kiransa. Huhu ne ke ƙoƙarin ceton mutum. Duk wanda ya ga haka ga mai suga, asibiti kai tsaye. Kun ga abin takaicin ko? Barin allurar saboda ruwan wanke asid, shi ne ainihin abin da zai iya zuba mata asid a jini.

Wani zai ce, to kanwa fa, ai tana kwantar da ƙwannafi. Gaskiya ne, tana kashe asid ɗin da ke cikin tumbi na ɗan lokaci, don mafi yawanta kabonet da baikabonet na sodiyom ne. Matsalar ita ce sodiyom ɗin, wanda shi ne dai ke cikin gishiri. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko ƙoda, da mace mai ciki, ba su da buƙatar ƙarinsa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da gazawar zuciya bayan haihuwa. Kuma ƙwannafin da ya ƙi ƙarewa yana iya zama alamar gyambon ciki, wanda ke buƙatar a duba.

Kafin in rufe, akwai inda asid da alkali ke da haɗari na gaske a gidajenmu, kuma a nan ne na fi so ku buɗe kunne. Yanzu mata da yawa suna sana'ar sabulun ruwa da na sanda, Allah Ya sa albarka. Amma jiƙaƙƙiyar soda ba ta da launi, ba ta da wari, kamar ruwa take. Idan aka ajiye ta a robar ruwa ko ta lemo, yaro mai ƙishirwa zai ɗauka ya kurɓa. Kurɓa ɗaya tana iya ƙona maƙogwaro, daga baya wurin ya tsuke har yaro ya kasa haɗiye abinci. Don Allah a rubuta a jiki, a rufe, a ɗora inda hannun yaro ba ya kaiwa. Haka ruwan batir.

Idan tsautsayi ya gifta yaro ya sha, kada a sa shi amai, don abin zai sake ƙona hanyar da ya bi. Kada a ɗura masa manja. Kada kuma a ce tunda alkali ne bari a ba shi lemon tsami ya kashe shi. Mun faɗa ɗazu, haɗuwar asid da bes tana fitar da zafi, ƙuna za a ƙara a kan ƙuna. A ɗauke shi zuwa asibiti nan take, a tafi da robar don likita ya ga abin da ya sha. Idan a fata ko ido ya zuba, a cire tufafin da ya jiƙe, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20, sannan a tafi asibiti. Wajen jiƙa soda kuma, ita ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba ruwa ake zuba mata ba, a sa safar hannu, a kare ido. Na ƙarshe, kada a haɗa bilic da khal ko da ruwan wanke masai mai asid, don yana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi.

Goggo fa? Na koma washegari da zoɓo da lemon tsami da kanwa. Na yi mata gwajin kofi uku a gabanta, ta ga ja, ta ga kore. Sannan na ɗauki kofin da ya yi kore na matsa masa lemon tsami, ya dawo ja. Na ce, "Goggo, abin da cikinki yake yi wa ruwan nan ke nan." Ta yi shiru, can ta ce, "Wato kuɗina na zuba a rijiya." Na ce ruwan dai ki shanye abinki, ba zai cutar da ke ba, amma allura ba fashi. Ta koma asibiti aka duba suganta, aka ci gaba da allura yadda likita ya tsara.

Saƙona gare ku shi ne, duk wanda ya ce zai gyara muku pH na jini da ruwa ko wani gari, ku tambaye shi, ya auna jinin? Da wace na'ura? Lamba nawa ya samu? Kuma idan kuna da dattijo a gida mai shan maganin suga ko na hawan jini, ku leƙa ɗakinsa ku ga abin da aka sayar masa.

Ku gwada zoɓon nan tare da yaranku, ku faɗa mini launin da kuka samu. A shiri na gaba in Allah Ya kai mu za mu ɗauki wannan ma'auni mu shiga gona da shi, mu ga yadda yawan zuba takin zamani ke sa ƙasa tsami, da abin da manomi zai yi a kai.  Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana zuri'a.